Turnabis Daga Tamanrasat

Litinin, 6 ga Oktoba, bayan azahar

Yau aka koma lakwal, yau kuma bakina ya ci amanata. Ina tsaye gaban ƴan aji ɗaya ina ja musu "sa, si, su", sai na ji wani abu ya goce a sama ta hagu, kamar dutsen murhu ya zame ƙarƙashin tukunya. Gishiri-gishiri ya cika mini baki. Na juya ga allo, na ce su maimaita da ƙarfi, na tofa a hankici. Jini ne da mugunya.

Haƙorana na gaba na sama guda biyar ba nawa ba ne. Duk Tanut an sani, kara ce ake mini. Haɗe suke wuri ɗaya, an ɗaure su kan ƙusoshi uku na ƙarfe da aka dasa mini cikin ƙashi, can Tamanrasat ta Aljeriya, bayan abin da ya faru a hanyar Belbeji. Yaron nan ne ya kai ni. Da aka gama ya sa ni mota, ya ce in yi gaba yana tafe. Har yau yana tafe.

Ɗan fari ne, sunan mahaifina gare shi, don haka Babana nake ce masa. Da can kunya ce ke hana ni kiran sunansa. Yanzu a gidan nan ba kunya kaɗai ke hanawa ba.

Laraba, 8 ga Oktoba, da magariba

Maigidana Malam Audi ya dawo daga gona ta hanyar Gangara, ƙaiƙayi har cikin gemu. Gero ya yi bana, alhamdu lillahi. Na aje masa tuwo, ni na zauna da koko. Ya dubi kwanona, ya dubi leɓena da ya kumbura.

"Ki je Damagaram a duba," ya ce.

Bai tambayi ko me ya faru ba. Duk maganar da za ta bi ta haƙoran nan, ya san inda take ɓullewa.

Asabar, 11 ga Oktoba, bayan la'asar, gidan Yaya Hajjo a Damagaram

Kai! Bari in rubuta tun da zafinsa!

Yaya Hajjo ta raka ni wurin likitar haƙori, Dokta Tamar, ƴar siririyar mace mai sanyin hannu, ƴar Maraɗi. Ta ɗauki hoton ƙashi, ta ɗaga shi ga taga ta nuna mini. Ƙusa biyu tsaye ƙyam, ta ukun kuwa baƙin duhu ya kewaye ta.

"Madam Radiya, wannan ta hagun ta mutu," ta ce. "Ƙashi ya sake ta. Yanzu gadar ce ke riƙe da ita, ba ita ke riƙe da gada ba."

Gada suke kiran haƙoran da aka haɗa. Na ce to, sai a zubar da duka ke nan? Ta ce a'a. Za a kwance gadar, a fid da matacciyar ƙusa, a wanke wurin, a cike gurbinta a jikin gadar, a mayar a ɗaure kan biyun da suka rage. In an yi da wuri. In an daɗe, ciwon zai kama ta kusa da ita.

Sai ta kankare ɗan farin abin da ya rufe kan ƙusoshin ɗaurin, ta ɗauko ƙananan turnabis nata na kwance ƙusa, ta gwada wannan, ta gwada wancan. Ko ɗaya bai shiga ba. Ta ce kowane kamfani da irin bakin nasa, wannan kuwa ba ta taɓa cin karo da shi ba. Ta kira wani abokin karatunta a Yamai, ta tura masa hoto, shi ma ya ce babu.

"Ko dai a samo daga inda aka dasa miki, ko in yanke gadar da inji. In na yanke ta, ta tashi aiki."

Yaya Hajjo ko kunyar idon likita ba ta ji ba, ta ce, "To me ake jira? Ki kira Haris mana. Ba can yake ba?"

Allah ya yafe mini, daɗi na ji. Bakina na zogi, ana ce mini ƙashina na ruɓewa, ni kuwa zuciyata na tsalle kamar ta yarinya ranar salla. Na samu dalili! Gaisuwar salla yake turowa a murya, gajera, in na kira sai ya ce yana ƙarƙashin mota. Wannan karon ba gaisuwa ba ce, aike ne. Ɗa ba ya ƙin aiken uwa.

Lahadi, 12 ga Oktoba, da hantsi

Ya ɗauka!

"Inna, lafiya?"

"Lafiya lau, Babana. Haƙorinka ne ya motsa."

Ina jin ƙarar guduma a bayansa, da wani yana Larabci. Na yi ta zuba, na bayyana masa gada da ƙusa da turnabis, na maimaita abin da na riga na faɗa don kar maganar ta ƙare.

"Yana miki ciwo?"

"Kaɗan."

"Inna, kaɗan ɗinki na san shi." Ya ja numfashi. "Gobe zan je wurin likitan."

Muryarsa ta yi kauri. Yaya Hajjo ta ce tun da na aje waya nake murmushi kamar wadda aka yi wa albishir da kujerar Makka.

Talata, 14 ga Oktoba, da azahar, Tanut

Na tono takunkumin zamanin korona na sa. Na ce wa yara mura ce. Direkta ya ce in huta, na ce zaman gida ya fi aji wahala.

Laraba, 15 ga Oktoba, bayan la'asar

Ya kira! Shi da kansa ya kira!

Ya samu likitan, dattijon Balaraben nan mai gashi a kunne. Wai ya tuna ni, ya ce malamar da ta riƙa gyara masa Faransanci baki cike da auduga. Ya ba da turnabis ɗin, ya haɗa da sababbin ƙusoshin ɗauri, ya ce a gaishe ni. Babana ya ce zai ba wani direba, Rissa, Buzu ne mai zuwa Tanut da kaya.

Na so in ce, kai fa? Na haɗiye.

Alhamis, 16 ga Oktoba, bayan sallar asuba

Na faɗa wa Malam jiya da magariba, yana alwala. Na zaɓi kalmomina kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Na ce an samu abin kwance haƙorin, yaron nan ya karɓo, yana hanya.

Ya gama wanke ƙafa, ya aje buta, ya ce, "Allah ya kawo shi lafiya." Ya fita masallaci.

Shi wa? Turnabis ko yaro? Tun jiya nake juya maganar nan. Shi. Allah ya kawo shi lafiya. Ai ba a yi wa ƙarfe irin wannan addu'a. Ko ana yi?

Asabar, 18 ga Oktoba, da magariba

Bai kira ba. Wayarsa a kashe.

Lahadi, 19 ga Oktoba, da la'asar

Ƙawayen ƴata Zuhaira biyu sun wuce ta ƙofar gida, kowacce da goyo. Sun durƙusa sun gaishe ni. Na yi musu barka ta cikin takunkumi, na ɗauki jaririyar ɗaya na yi mata wasa. Mu uku muka tafi bikin nan na Tarka a mota, yaron nan na tuƙi. Mu biyu muka dawo.

Ba zan ƙara komai ba yau.

Litinin, 20 ga Oktoba, da azahar

A kashe. Kumburi ya kai gefen hanci.

Talata, 21 ga Oktoba, bayan la'asar

Dokta Tamar ta kira ta ji jiki. Da na faɗa mata, ta sake rubuta mini magani, ta ce kada in wuce mako mai zuwa, in abin bai iso ba in zo ta yanke.

Na ce, "Dokta, ba za a yanke ba."

"Madam, haƙori ne fa. Ana yin na cirewa da sawa, ba wanda zai gane."

Na ce ni zan gane. Hannun yaron nan duk ya tsage da baƙin mai kafin a sa mini su. Abin da ya iya yi ke nan a lokacin, ya kuwa yi. Ba zan bari a sa musu zarto ba.

Ta ce, "To Allah ya kawo shi." Ita ma shi!

Laraba, 22 ga Oktoba, da magariba



An ce motar Rissa ta shigo. Ana tashi daga lakwal na nufi tasha, ko gida ban biya ba. Na same shi yana shan shayi a inuwar kamyonsa, dogo, rawani har hanci. Na ce ni ce uwar mai gyaran mota na Tamanrasat, ina saƙona?

Ya aje kofi. "Hajiya, ba a ba ni komai ba."

Na dafa taya.

"Ya zo har bakin mota da ƙunshin a hannunsa," in ji Rissa. "Ya miƙo, na miƙa hannu, sai ya mai da shi aljihu. Ya ce abu ne ƙarami, zai ɓace mini cikin kaya. Na ce shekara nawa ina kai wa mutane zinariya ba ta ɓata ba? Ya ce a'a, wannan shi zai kai."

"Shi zai kawo? Da bakinsa ya faɗa?"

"Da bakinsa. Amma ban gan shi cikin ayarinmu ba. Iyaka ba daɗi kwanakin nan, Hajiya. A yi addu'a."

Zai zo! Yana hanya! Ban san inda yake ba, ko ya ƙetare ko an tsare shi, ko yana da ruwa. Amma zai zo. Na biyo ta kasuwa na sayi sabuwar tabarma, ban san lokacin da na saya ba.

Alhamis, 23 ga Oktoba, bayan la'asar

Ba lakwal yau da yamma. Na buɗe ɗakin zaure, na fid da buhunan wake, na share, na yayyafa ruwa, na sa turare. Malam ya shigo ɗaukar igiya, ya tsaya bakin ƙofa, ya dubi tabarma, ya ɗauki igiyarsa ya fita. Bai ce a mayar da waken ba.

Maganar da ya yi ranar sadakar uku, a gaban mutane, ban taɓa rubuta ta ba, ba kuwa zan rubuta ba. Shi ma na san tana cinsa.

Waya a kashe.

Juma'a, 24 ga Oktoba, bayan an sauko masallaci

Yana Damagaram. Yana gidan Yaya Hajjo. Lafiyarsa ƙalau!

Ta nan ya wuce. Da sassafe kar ɗin Agadas, babbar motar fasinja, ta tsaya a tasharmu, ina nan ina ɗaura ɗankwali, ɗana yana zaune a taga, tsakaninmu bai fi tafiyar ɗebo ruwa ba.

"Inna, na tashi zan sauka," ya ce a waya. "Na hango tankin ruwa da kan masallacinmu. Ƙafata ta ƙi."

Na ce ba komai, Babana, zauna nan, gobe ina tafe. Na yi kuka, na yi dariya, dariyar ta motsa ƙusa, na koma kuka.

Asabar, 25 ga Oktoba, da magariba, Damagaram

Malam ne ya kai ni tasha. Kar na shirin tashi ya miƙo mini ƙunshi ta taga. Cuku ne, mai yawa, irin na Buzayen Belbeji.

"Ki kai wa Hajjo," ya ce, yana duban wani wuri.

Yaya Hajjo ko warin cuku ba ta so, Malam kuwa ya fi kowa sani. Mutum ɗaya ne a gidanmu ke cinsa da shayi har ya ƙi tuwo.

Na same shi a tsakar gida. Ya rame, ya tara gemu, har da furfura ɗaya-ɗaya a gefen kai, yaron da na goya. Ya durƙusa har ƙasa, ya gaishe ni idonsa kan takalmina. Na dafa kansa. Na kasa cewa komai sai "Ka ci abinci? Yaya, ya ci abinci?"

Ya zaro gwangwanin ashana daga aljihun ciki, ya warware tsumma. Turnabis ɗin ko tsawon ɗan yatsana bai kai ba. Yaya Hajjo ta riƙe haɓa ta ce, "Wannan ɗan firit ɗin ne ya hana mu barci?"

Na ba shi cukun, na ce daga gida. Bai tambayi wa ya bayar ba. Ya daɗe yana riƙe da shi bai kwance ba.

Har yanzu bai dubi fuskata ba.

Litinin, 27 ga Oktoba, da la'asar

Ya shiga! Dokta ta dafa shi da ruwan zafi na inji, ta sa, sai na ji ɗan ƙaras, ta ce "Yawwa!" da ƙarfi har mai taimaka mata ta yi tafi. Ɗaya, biyu, sai ga gadar a hannunta, matacciyar ƙusar na reto a jikinta, ta fito salin-alin kamar tsinke daga tuwo. Ta yi allura ta wanke ramin, ta ɗinke. Ta ƙwanƙwasa sauran biyun, ta ce ji, wannan ƙarar lafiya ce. Da na ƙara mako guda, ta tsakiyar ma da ta bi.

Gadar za ta kwana wurinsu, mai aikin haƙoransu zai cike gurbin ya goge ya yi sumul, dasashina kuma ya saɓe. Sai Juma'a.

Na fito baki fayau, leɓe ya faɗa ciki, kamar ranar da aka ciro ni daga motar. Yana zaune a benci. Na ɗaga takunkumi zan sa, sai na fasa. Na tsaya gabansa.

"Babana, dube ni."

Maganar ma ba ta fita daidai, iska ce rabi. Ya sunkuyar da kai.

"Na ce ka dube ni. Uwarka ce."

Ya ɗago. Ya duba, ya duba, idonsa ya cika. Ya ce, "Inna, ni ne..." Na ce, "Kai ne ka kawo turnabis. Tashi ka nemo mana adaidaita, rana na dukana."

Laraba, 29 ga Oktoba, bayan azahar

Koko, kunu, nono. Yaya Hajjo na cin gasasshiyar masara a gabana da gangan.

Yanzu yana zama kusa da ni a tabarma. Ya ba ni labarin gareji, da maigidansa, da sanyin can. Ya ce kowace irin mota yana kwance ta ya ɗaure, amma in an gama sai ya kira wani ya gwada ta. Tun ranar nan bai sake tuƙi ba.

Sai ya ce ya yanki tikitin komawa, kar ɗin safiyar Asabar. Na ce ta Tanut za ta bi ai. Ya ce e, ta nan za ta bi.

Ban roƙe shi ba. Na kira Malam na ce Juma'a za a mayar da haƙori. Ya ce to. Na ce Asabar kuma akwai mai komawa arewa. Ya ce ana kiran salla.

Asabar, 1 ga Nuwamba, da hantsi, Tanut

Jiya ban samu rubutu ba, ina zan samu!

An mayar. Dokta Tamar ta ɗaure gadar da sababbin ƙusoshi, ta sa ni cije wata takarda mai shuɗi, ta goge nan, ta goge can, ta toshe ramukan. Ta ce ƙafa biyu ke ɗauke da aikin uku yanzu, ba rake, ba goruba, ba yage nama da gaba, kuma in riƙa zuwa ana dubawa. Ta miƙo madubi. Ni ce! Na ce "sa, si, su", duk suka fita tas. Turnabis ɗin ta ce in bar mata shi a wurinta, na ce har abada.

Muna fitowa, sai ga tsohuwar motar Malam ta ɗaukar hatsi a gindin bedi, shi kuma yana jingine da ita, da rigarsa ta Juma'a.

"Wake na kawo kasuwa," ya ce da ni. Bayan motar ko ƙwaya babu, an ma wanke ta.

Yaron nan ya tsaya cak. Sai ya taka, ya durƙusa, ya ce, "Baba, ina wuni." Malam ya ce, "Lafiya. Ya hanya?" Ya ce alhamdu lillahi. Shi ke nan, ni kuwa ina tsaye da sababbin haƙora ban san inda zan sa kaina ba.

Muka biya gidan Yaya Hajjo ɗaukar kayana. Malam ya ce a sa har da jakar can, ya nuna ta yaron da haɓa. Da muka fito ya laluba aljihu, ya zaro makulli, ya miƙa masa.

"Idona ba ya gani sosai in rana ta yi sanyi."

"Baba, ni..."

"Na san kai ne. Shiga."

Sai da ya gwada sau uku kafin makullin ya samu rami. Na zauna tsakiyarsu ina karanta duk abin da na haddace. Mota ta tashi. Muka fita gari kamar masu rakiyar amarya a ƙafa. Manyan motoci suka wuce mu, babura suka wuce mu, har wani mai babur da rago ɗaure a bayansa ya wuce yana waiwayenmu, ragon ma yana waiwaye. Gumi ya jiƙa wa yaron riga. Muka wuce gonaki, dammunan gero jere a bakin hanya, rana na sauka.

Can Malam ya gyara hula, ya yi gyaran murya.

"Haris," ya ce. "In haka za ka tafi, sai uwarka ta tsufa sauran haƙoran sun zube ba mu kai Tanut ba. Taka mana."

Yaron ya yi wata irin dariya mai haɗe da shessheƙa, ya goge ido da kafaɗa, ya taka.

Yana ɗakin zaure yanzu, barci yake kamar wanda aka yi wa duka. Malam ya tafi gona, ya ce in ya tashi a ce masa injin ban ruwan maƙwabci ya lalace, ko zai duba. Kar ɗin Agadas ta wuce ɗazu, ina dama koko na ji hon ɗinta daga tasha, har sau biyu.

Ban tashe shi ba.